Guzurin Mai Jiran Sakamako

Duk wanda ya ce "daren zaɓe" a Nijeriya, to, ya rage wa abin tsawo. A Ingila akan rufe rumfunan zaɓe da ƙarfe 10 na dare, kafin gari ya waye an san wanda zai shiga ofis, an kuma san wanda zai kwashe komatsansa. Namu ba haka yake ba. A 2015 an jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa ran Asabar, 28 ga Maris, amma ba a bayyana wanda ya ci ba sai gab da asubahin Laraba, 1 ga Afrilu. A 2019 an yi zaɓe ran Asabar, 23 ga Fabrairu, aka bayyana da asubahin Laraba, 27 ga wata. A 2023 ma hakanan: Asabar, 25 ga Fabrairu, sai Laraba, 1 ga Maris, wajen ƙarfe 4 na dare. Watau dare huɗu ke nan cur, sau uku a jere, kamar an yi alkawari. Na 2019 ma har da gyara, domin an kwana da shirin fita rumfa ran 16 ga Fabrairu, sai bayan ƙarfe 2 na dare hukumar zaɓe ta ce an ɗaga da mako guda, jama'a suka farka da kati a aljihu ba wurin kai shi.

To, mai tafiyar kwana huɗu tilas ya yi guzuri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka muka ga ya kyautu mu faɗa wa 'yan'uwanmu ɗalibai, da yayyenmu da suka fara aikin gwamnati, abubuwan da muka fi so mu tanada domin waɗannan darare, da dalilin da ya sa muka fi son su. Mun san akwai masu cewa wannan zancen banza ne, ana maganar makomar ƙasa mu kuwa muna maganar shayi da tabarma. Muna roƙonsu su tuna da Afrilun 2011. An yi zaɓe ran 16 ga wata, sakamako ya fara fitowa washegari, cikin kwana uku aka kashe mutum fiye da 800 a jihohin Arewa 12, bisa ga ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch, cikinsu har da masu yi wa ƙasa hidima da aka tura aikin zaɓe a Jihar Bauchi. Ranar zaɓen kanta an yi ta lami lafiya a yawancin wurare. Lokacin jira ne ya ɓaci. Waɗanda suka fita da gorori kuwa matasa ne, sa'o'inmu na yau. Lalle abin da saurayi zai yi da kunnensa da bakinsa da ƙafarsa a waɗannan darare ya isa a ɓata masa tawada.

Abu na farko a guzurinmu shi ne akwatin rediyo, mai cin batir, wanda ba ruwansa da zuwan wutar lantarki ko ɗaukewarta. Mun san za a yi mana dariya, a ce ga waya a hannun kowa, me za a yi da kayan kakanni? Amsarmu ita ce da tsohuwar zuma ake magani. Muryar da ke fita daga rediyo tana da mai ita, tana da suna, tana da gidan da za a je a tuhume ta in ta yi ƙarya. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, ga na Jamus, ga na Faransa, ga Rediyon Tarayya na Kaduna, ga kuma tashoshin gari da kan tura wakilansu su kwana a zauren tattara sakamako, su riƙa miƙo mana muryar jami'in zaɓe kai tsaye. Ba mu ce ba su karkata ba. Kowa ya san gidan rediyon gwamnatin jiha ba ya son ya fara faɗin labarin da zai ɓata wa Gwamna rai, shi ya sa ake murɗa akwati a ji ta bakin biyu ko uku. Amma babbar falalar rediyo a wurinmu wata ce dabam: mutum goma da ke ɗaki ɗaya abu ɗaya suke ji, a lokaci ɗaya. In za a yi gardama, a kan magana ɗaya za a yi ta. Waya kuwa kowa da tasa, kowa da abin da take raɗa masa, sai ka ga abokai biyu a kan tabarma ɗaya, wannan an gaya masa gwaninsa ya lashe, wancan ma an gaya masa nasa ya lashe, kowannensu yana duban ɗan'uwansa da tausayi. Ranar da gaskiya ta fito, tilas ɗayansu ya ce an yi masa fashi.

Ba mu hana waya ba, mun dai yanka mata aiki. A kira gida a ji lafiyar mutane, a tambayi abokin da ke aiki a rumfa ko ya isa masauki. A 2023 an sa rai za a riƙa duba hoton takardar sakamakon kowace rumfa a shafin IReV tun daren Asabar, sai na shugaban ƙasa ya ƙi hawa, hukumar zaɓe ta ce tangarɗar na'ura ce, kuma wannan giɓi shi ne ƙofar da jita-jita ta shigo da kayanta. Don haka muke da doka a majalisarmu: duk wanda zai karanta mana lamba daga waya, sai ya faɗi wanda ya faɗe ta da inda ya faɗe ta. In ya ce "an ce", ko ya ce turo masa aka yi a WhatsApp, to, sukarin zagaye na gaba yana wuyansa. Ba a kai rabin dare ba za ka ga masu "an ce" sun koyi kame baki.

Abu na biyu, wanda in za a ce mu zaɓi guda mu bar saura shi za mu ɗauka, shi ne littafin rubutu na 'yan firamare, da fensir, da rula. A ja layi, a jera jihohi 36 da Abuja a gefe, a jera jam'iyyu a sama, a bar gurbi ga yawan waɗanda aka tantance da kuma ƙuri'un da suka lalace. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san daɗinsa ba. Ya fi karta, ya fi kallon ƙwallo, domin kowace jiha aka kira sai ɗaki ya yi tsit, mai fensir ya rubuta, masu lissafin ka su riga masu na'ura fitar da kashi. Kafin a fara ma akan sa kowa ya rubuta hasashensa a bangon baya ya sa hannu, don kada gobe ya ce ai dama shi ya faɗa.

Littafin nan yana koya wa mutum dalilin jinkiri, kuma wanda ya san dalilin jinkiri ba ya saurin cewa an ɓoye wani abu. A zaɓen 2023 rumfuna 176,846 aka ƙidaya. Daga rumfa takarda za ta tafi mazaɓa, su kuwa 8,809 ne; daga mazaɓa ta tafi ƙaramar hukuma, guda 774; daga nan hedkwatar jiha; sa'an nan jami'in jiha ya ɗauko ta da hannunsa ya kawo Abuja. Wata takardar a kwalekwale za ta fito, wata a bayan babur. Ƙananan jihohi masu hanya a kusa su kan riga isowa, kamar yadda Ekiti ta buɗe fage a 2023, manya kuwa sai daga baya. Saboda haka wanda ya yi guɗa daren Lahadi yana iya yin kuka daren Talata.

Har wa yau yana koya mana cewa yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba da mulki. Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu bisa uku na jihohi da Abuja. Wannan ɗan lissafi na aji huɗu shi ya taɓa tsai da ƙasa cik. A zaɓen 11 ga Agusta, 1979, Alhaji Shehu Shagari ya sami ƙuri'a 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo ya sami 4,916,651. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari ya sami rubu'i a jihohi 12, a ta goma sha uku kuwa, watau Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. To, nawa ne kashi biyu bisa uku na 19? Masu Awolowo suka ce 13, tun da ba a yanka jiha kamar kabewa. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku, saboda haka abin da ake bukata a Kano rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'unta ne, watau ɗaya bisa shida, kuma Shagari ya wuce haka. Hukumar FEDECO ta bayyana shi ran 16 ga Agusta, Kotun Ƙoli ta tabbatar ran 26 ga Satumba, saura kwana biyar a rantsar da shi. Har yau in kana son ka ga ɗalibin lissafi da ɗalibin shari'a sun manta da barci, jefa musu wannan tambaya ka koma gefe da kofinka. Mu mukan ajiye ta musamman domin daren Lahadi, lokacin da aka tashi daga zauren Abuja aka ce sai gobe da hantsi. Yanzu da jihohi suka zama 36 lissafin ya faɗa daidai a kan 24, amma gardama ba ta rasa ƙofa ba: a 2023 sai aka koma kan ko tilas ne a sami rubu'i a Abuja ita kanta, tun da Bola Tinubu bai samu ba, har Kotun Ƙoli ta ce Abuja daidai take da sauran jihohi a wannan lissafi.

Amma babban abin da littafin ke yi mana shi ne ya fitar da mu daga unguwarmu. Mutum ya tsaya a rumfarsa tun safe, ya ga an ƙirga a gabansa, gwaninsa ya kwashe ɗari uku abokin hamayya bai kai ashirin ba. Ya tambayi rumfar gaba, haka. Ya kira ƙauyensu, haka. Ina zai yarda in an ce masa gwanin nan ya faɗi? Ai gani ya kori ji. Abin da bai gani ba shi ne akwai wani a Anambra ko Bayelsa da ya ga irin wannan da idonsa, sai dai a juye. A 2011 Janar Muhammadu Buhari ya ci jihohi 12, dukkansu a Arewa, da ƙuri'a miliyan 12.2, Goodluck Jonathan kuwa ya sami miliyan 22.5. A 2023 Tinubu ya ci jihohi 12, Atiku Abubakar 12, Peter Obi 11 da Abuja, Rabi'u Musa Kwankwaso ya ci Kano. Kowane ɗayansu yana da garuruwan da in a nan ka tsaya sai ka rantse duk ƙasa tasa ce. Mai cika layukan littafi ɗaya bayan ɗaya shi ne ke ganin ƙasar da faɗinta. Kada kuma a ɗauka muna cewa a haɗiye duk lambar da aka karanto. Littafin nan shi ne zai fara nuna maka inda ƙuri'u suka fi waɗanda aka tantance yawa, ko inda aka ce kusan kowa da kowa ya fito, ba mara lafiya, ba matafiyi, ba wanda ya mutu tun bayan rajista. Sai ka sa wa wurin alama da jan biro. Zargin da ke da lamba da sunan ƙaramar hukuma ana iya kai shi gaban alƙali; wanda ba shi da su, titi kaɗai yake kai mutum.

Sai kuma batun ciki, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shayi ne sarkin wannan dare, kuma mun fi son irin na Buzaye, a ƙaramar buta bisa kurfoti, wanda ake dafawa sau uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Daɗinsa shi ne cin lokaci. Kafin a hura gawayi, a tafasa, a yi ta juyawa daga buta zuwa kofi har kumfa ta tashi, an ci sa'a guda ba a sani ba, kuma hannun da ke riƙe da buta ba ya riƙe waya. A sa citta da kanumfari in da sauran sanyi. Abin taunawa kuwa mun fi son mai daɗewa a baki: soyayyar gyaɗa, aya, ƙuli-ƙuli, dabino, rake in ana samu. Kilishi na ranar da yayanmu ma'aikaci ya zo ziyara ne, shi ma in zaɓe ya faɗo kusa da albashi. Tuwo mai nauyi da dare abokin gaba ne, zai kwantar da kai kafin a kira jiha ta uku. Garin kwaki da sukari dai ba ya ƙarewa a akwatin ɗalibi, ba sai mun tuna wa kowa ba. A sayi komai tun ran Alhamis, domin ran zaɓe akan hana zirga-zirgar ababen hawa, kantuna a rufe, kuma wanda ya ga ƙarancin takardun naira na Fabrairun 2023 ya san mai shayi ba ya sayar da burodi da alkawarin "kuɗin suna hanya".

Tabarma ta fi kujera, wannan ba ma sai an yi muhawara ba. A haɗa da bargo ko mayafi, da maganin sauro, da fitila mai caji, da batir na ajiya.

Da wa za a zauna? A nan muka saɓa da yawancin abokanmu. Su sun fi son su taru 'yan jam'iyya ɗaya, su yi murna tare ko su yi baƙin ciki tare. Mu kuwa muna ganin ɗakin da kowa bakinsa ɗaya tukunya ce da aka rufe aka bar ta bisa wuta. In labari ya zo da daɗi sai su zuga juna su fita yin kilisa da babura, kuma murnar 2015 ta ci rayuka a kan titi ta wannan hanya. In ya zo da ɗaci sai su zuga juna su fita da abin da ya fi babur muni. Ɗakin da muke so shi ne mai gauraye, inda kowace lamba aka karanto akwai wanda za ta faranta wa da wanda za ta ɓata wa, kuma dukkansu kofi ɗaya suke jira. Mu Hausawa ai muna da makaranta a kan wannan tun kaka da kakanni. Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, kowa ya san irin baƙar maganar da suke jifan juna da ita a yi dariya a tashi, alhali kuwa a bayan wasu daga cikin wasannin nan akwai tsohon yaƙi. Mutanen da suka iya mai da yaƙi wasa ba za su kasa mai da ƙuri'a wasa na dare huɗu ba. Sharaɗi ɗaya ne: a taɓa ɗan takara, a taɓa jam'iyya, a taɓa hasashen da mutum ya sa wa hannu a bangon littafi, amma ban da addininsa da iyayensa. Jami'a kuwa ita ce wurin da ya fi sauƙin haɗa irin wannan zama, domin a ɗaki ɗaya kana iya samun ɗan Gashuwa da ɗan Kafanchan da ɗan Ogbomosho. Abin takaici, a 2023 an rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris saboda zaɓe, kowa ya koma cikin waɗanda suka yi kama da shi. In an sake haka, sai a nemi maƙwabcin da aka san ba layinku ɗaya ba a aika masa da kofi.

Tsakanin zama da zama a Abuja akan sami sa'o'i masu tsawo da ba abin da ke motsi, kuma a nan ne shaiɗan kan sami wurin shimfiɗa. Littafin da muke ajiyewa domin wannan lokaci shi ne Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, littafi na ɗaya, a riƙa karantawa da ƙarfi ana karɓa-karɓa. Ba don mun rasa sababbi ba ne. Duk wanda ya yi makarantar sakandare ya san ƙashin bayan labarin: Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri ya shirya masa tarko a waje, kullum dare yaron ya yi ɗamara zai fita, aku kuwa ya tsare shi da labari har gari ya waye, haka har Sarki ya dawo. An buga littafin nan tun kafin a san za a yi wata aba wai ita hukumar zaɓe, amma ba mu san wani littafi da ya fi shi dacewa da daren Litinin na makon sakamako ba. Kowace majalisa tana da Musanta, wanda jininsa ke tafasa, da an turo masa hoto sai ya miƙe yana neman takalmi. Kowace majalisa kuma tana bukatar akunta. In kuna da aboki mai bakin labari, wanda zai iya ɗauko zancen yadda aka kore shi daga ɗakin jarrabawa ya ja shi har sa'a biyu, to, ku ba shi kofin farko, ku zaunar da shi kusa da ƙofa.

Dara ma tana da kyau, in da ƙasa a tsakar gida: gurbi talatin, 'ya'ya goma sha biyu-biyu, da 'yan kallo masu baki. Ludo ya fi hayaniya, ba ya kuma bukatar tunani, saboda haka shi ne na bayan ƙarfe 2. Karta mun bar ta, don ba a daɗewa wani zai ce a sa ɗan wani abu. Kiɗa kuwa a nemi wanda ya girmi rigimar da ake ciki, Shata ko Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ko Ɗan Anace in ana son a ji maza. Waƙoƙin kamfe dai a kulle su tun daren Juma'a. An yi su ne don su tsokani wani, kuma wanin yana zaune a gefenka. 'Yan'uwanmu mata sun riga mu gano maganin wannan jira: kitso, da kuma lallen da aka jinkirta don gudun kada na'ura ta ƙi karanta yatsa. Wadda hannunta ke cikin lalle ba ta tura wa kowa jita-jita.

In akwai talabijin da wuta, zauren tattara sakamako na Abuja shi kansa wasan kwaikwayo ne da ba a biya. Shugabannin jami'o'i ne kan kawo sakamakon jihohi, saboda haka ɗalibi na samun abin da ba ya samu a duk shekara: ya ga shehun malami a tsaye yana karanta lambobi, gumi na keto masa, wani na gyara masa tarawa. A 2015 har fitila aka kawo wa wani don ya ga abin da ke takardarsa. A wannan zaure ne kuma, ran 31 ga Maris na shekarar, tsohon minista Godsday Orubebe ya karɓe lasifika ya yi ta ɗaga murya yana zargin shugaban hukumar, Farfesa Attahiru Jega, da son kai. Jega, wanda ya taɓa shugabancin Jami'ar Bayero da kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ya zauna shiru har mutumin ya gaji, ya ba shi amsa a taƙaice, ya ce a ci gaba. Da yammacin ranar, tun ba a kawo sakamakon Borno ba, Shugaba Jonathan ya buga wa Buhari waya ya taya shi murna. Mu muna yara a lokacin, amma mun ga yadda manya suka saki numfashi.

Barci kuma a yi shi da tsari. A raba dare kamar masu gadi, biyu su zauna da rediyo da fensir, saura su miƙe, da sharaɗin a tashe su in an kira Kano, ko Legas, ko Kaduna, ko Ribas. Masu zuwa ofis su tuna ba a ba da hutu don jiran sakamako, Litinin da Talata ranakun aiki ne, kuma ma'aikacin gwamnati zai yi wa duk wanda ya ci aiki, saboda haka gara ya bar murnarsa da fushinsa a kan tabarma ya tafi da fuskar aiki.

Wani lokaci ma jiran ba ya ƙarewa da sanarwa. Iyayenmu sun yi irin wannan zama a Yunin 1993. An yi zaɓe ran 12 ga wata, sakamakon jihohi ya fara fita, har aka ji Cif M.K.O. Abiola ya kayar da Alhaji Bashir Tofa a Kano, jiharsa ta haihuwa. Sai kotu ta tsayar da sanarwa, ran 23 ga wata gwamnatin soja ta Janar Babangida ta soke zaɓen ɗungurungum. Waɗanda suka ja layi a littafi a wancan mako sun bar rabin shafi ba komai. Ko an yi sanarwar ma ba a nan take tsayawa ba. Ran Laraba da asuba za a kira lamba ta ƙarshe, wanda hasashensa ya fi nisa da gaskiya ya wanke buta ya sayo ƙosai, a naɗe tabarma. Littafin dai kada a ba mai gyaɗa ya yi ƙunshi da shi. A rubuta kwanan wata a bangonsa a sa a ƙasan akwati, domin shari'ar zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, sai ran 26 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta rufe ta, wata takwas ke nan, kuma duk tsawon lokacin lauyoyi a kan waɗannan lambobi suke ta kai da komo.